Ranakun Awon Da Ba Nawa Ba

Kwamfutar ta shigo gidanmu ne saboda masara. Maigidana shi ne sakataren wata 'yar ƙungiyar manoma a nan Funtua, kuma da aka gaji da wasiƙunsa na hannu waɗanda ba mai iya karantawa sai shi kaɗai, aka ce ya nemi kwamfuta. Ya sayo wata ta hannu, baƙa, mai ɗan tsagu a kusurwa ɗaya. Kwana uku ya yi yana tsikarar ta da yatsa ɗaya, a rana ta huɗu ya shigo ɗakina ya aje ta bisa gado.

Ya ce, "Ke da aka koya wa tafireta a sakandare, ga aikinki."

Haka ta zama tawa ba tare da an ce an ba ni ba. Ni ke buga mashi takardar kiran taro da jerin sunayen masu neman iri, in aika ta imel ɗinsa. Idan na gama sai in yi ta leƙe-leƙe a ciki, har na gano kalanda. Abin da na fara sakawa a ciki shi ne ramuwar azumi. Innarmu da gawayi take yin nata, zane-zane a bayan ƙyauren ɗaki, duk ranar da ta rama ɗaya ta goge ɗaya da yatsa. Ni kuwa kullum sai na rikice, in rasa ko biyar suka rage ko shida, in ƙara ɗaya don kokwanto. Da na samu kalandar nan sai hankalina ya kwanta. Daga baya na kwashe lambobin wayar da ke cikin tsohon littafina na zuba a ciki, don littafin ya sha manja ya sha ruwa. Duk abubuwan nan a cikin kwamfutar kawai suke zaune, ba sa zuwa ko'ina, kuma Malam, maigidan nawa, ba ya ko buɗe ta.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a Malumfashi. Shekara goma sha ɗaya na ba ta, ni na goye ta, ni na fara yi mata kitso tana kuka. Sau uku tana samun ciki yana zubewa. Gidan mijinta gidan yawa ne, ba a ɓoye komai a cikinsa. Da an ga ta ƙi cin miyar da ta saba ci, kafin la'asar labari ya zagaye sassa. Sai tsokana, sai a ce amarya ta yi haske. Idan kuma abin ya faru, ɗakin ya cika da 'yan sannu, kowa da maganinta: wannan ta kawo jiƙo, waccan ta san wani mai rubutu a Matazu, wata ta sassauta murya ta ce a dai bincika ko da iska a ciki. Duk da zuciya ɗaya suke yi, ban taɓa zargin kowa ba. Amma bayan na ukun ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ciwon zan iya da shi. Idanun mutane ne ba zan iya ba."

Da na huɗun ya samu, ta zo Funtua kamar ziyara. Muna tankaɗen garin masara a kicin ta gaya mani, ba ta ko ɗago kai daga rariya ba. Mijinta ya sani, sai ni. Ko Inna ba ta gaya wa ba. Ta ce so take a bar ta ta ɗauki wannan a shiru, in Allah ya sa ya tsaya ita za ta faɗa da bakinta, in kuma ya karɓi abinsa ta yi kukanta ba 'yan kallo. Ta ciro katin awo daga lalitarta ta ba ni. Wayarta a hannun kowa take yawo a gidan can, ɗakinta ma ba a rufe shi.

"Ki riƙe mani ranakun, Yaya. Ki riƙa zuwa kina raka ni."

Na karɓa na ce amana ce. Duk ranar awo sai in ce wa Malam za ni Malumfashi gaida Inna, tunda ita ma can take zaune, kuma ina zuwa in gaishe ta ɗin da gaske, don kada bakina ya saba da ƙarya. A kalanda kuwa na yi abin da nake gani dabara ce, na ƙi rubuta suna. Na saka kawai: awo, asibitin Malumfashi, wata huɗu, a tafi da kati. Na ce ko da wani ya gani, bai san ta wa ba ce.

A lokacin ruwa ya fara sauka, Malam ba ya zama, kullum yana gona ko wurin neman taki. Kwamfutar kuma ta yi makonni tana fito mani da wani ɗan saƙo a kusurwa, wai akwai sabuwar manhaja, tsohuwar ta kusa daina aiki. Ina korar shi yana dawowa. Wata safiya aka kawo wuta da wuri, na ce bari dai in rabu da shi, na danna. Tun hantsi take juya wani ɗan zobe a fuskarta har aka kira azahar. Da ta gama sai ta shiga jero mani tambayoyi da Turanci, shafi bayan shafi. Ga wake bisa wuta, ina jin ƙaurinsa ya fara tashi. Duk inda na ga wurin amincewa sai in danna in ruga kicin in dawo. Wani shafin ya nemi imel, na buga na Malam, tunda shi na sani, da shi muke aika wasiƙu. Da komai ya lafa sai ga fuskar kwamfuta sabuwa fes, da hoton wasu duwatsu masu kyau. Har daɗi na ji.

Bayan kwana uku ko huɗu Malam ya fara wasu abubuwa. Ya dawo da kankana guda, washegari ya dawo da gasasshiyar hanta a takarda, ya miƙo mani ni kaɗai, ya kori yara. Na ɗauko bokitin wanki daga bakin rijiya, sai ga shi ya taso da sauri har takalminsa ɗaya ya cire.

"Aje! Aje mana. Ba mutane a gidan nan ne?"

"Malam, bokitin da nake ɗauka shekara ashirin?"

"To yau kin huta."

Za ni barka a wata unguwa, ya ce kada in kuskura in hau mashin, in jira keke ko da zan makara. Idan zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Jikin dai?" In ce lafiya lau. Ya gyaɗa kai yana wani murmushi, ya tafi. Ni dai na ɗauka wa'azi ya ji a masallaci kan kyautata wa iyali, na yi wa malamin da ya yi wa'azin addu'a, na ci hantata.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, yara sun fita wasa. Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Gobe in an sauko Juma'a zan biya wurin Hajiya," ya ce, yana nufin mahaifiyarsa. "Ina ganin gara ta ji daga bakinmu kafin ta gani da idonta. Kin san halinta, sai ta ce an mai da ita bare."

"Ta ji me?"

Ya kalli katanga, ya kalli kaji. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya ɗan latsa, ya miƙo mani ba tare da ya dube ni ba. Ga rubutuna nan ɓaro-ɓaro a wayarsa: awo, asibitin Malumfashi, wata huɗu, a tafi da kati.

Na ji tiren shinkafar ya yi mani nauyi a cinya. Na yi salati a zuciyata. Ban san ta yadda abin da na rufe a ɗakina ya tsallaka ya shiga aljihunsa ba, amma na gane abin da ya fahimta, na gane kankana da hanta da bokiti. Ɗanmu na ƙarshe na da shekara goma sha ɗaya a lokacin, babbar ɗiyarmu kuma har ta yi aure. Na dubi fuskar mutumin nan, furfura ta fara cin gemunsa, yana ta ƙoƙarin ɓoye murna kamar saurayi.

Tunani ya yi ta zuwa mani a guje. Idan na yi shiru, gobe Hajiya za ta ji. Idan daga baya aka ce ba haka ba ne, Hajiya ba yarinya ba ce, ta san duk wata sai na je Malumfashi, kafin ta naɗe dardumarta ta gano mai cikin, kuma tana da ƙawaye a gidan mijin autarmu. Idan na faɗi suna, na ci amana. Ƙarya kuwa ba zan iya yi mashi ba.

Na ce, "Malam, ba nawa ba ne."

Ya karɓi wayar ya sake karantawa, kamar rubutun zai canza.

"Ba naki ba?"

"Wallahi ba nawa ba ne. Na wata ce, ni ke riƙe mata ranakun. Amana ta ba ni, kuma ina roƙonka don Allah kada ka tambaye ni ko wace ce."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Na san shi, na san kansa yana aiki, kuma kalmar Malumfashi tana nan a gabansa. Mutum nawa gare ni a Malumfashi? Na ga lokacin da abin ya faɗo mashi, don girarsa ta ɗaga kaɗan. Ina ta jiran ya furta sunan. Sai ya mai da hular kansa.

"Ni ban ga komai ba," ya ce. "Allah ya sauke ta lafiya, ko wace ce."

Hawaye suka zubo mani cikin shinkafa. Ya ce haba, mene ne na kuka. Can kuma ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi ya ce, "Har na fara tunanin suna fa. Na ce in namiji ne sai a mai da sunan Baba." Wannan maganar ta fi komai taɓa ni, don ban san yana da wannan burin a ransa ba, shi ma ina jin bai sani ba sai da wayar ta yi mashi ƙara a gona. Na ce ya yafe mani. Ya ce ba ni na yi ba, na'ura ce.

Da na ɗan natsu na tambaye shi, shi bai yi mamakin abin da zai kai ni awo har Malumfashi ba, ga asibiti a nan kusa?

"Na yi mana. Sai na ce kunya kike ji, kada ki haɗu da ƙawayen ɗiyarki a layi."

"Kai Malam!"

"Ai ba shi ke nan ba. Lambobinki ma duk sun zubo cikin wayata. Ina neman mai taki sai ga mai kitso, ga mai lalle, ga mai daddawa. Wai don Allah, wane ne Mai Masara? Na duba lambar na ga tawa ce."

Na rufe fuska da gefen mayafi. Tunda aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kiran sunansa ba, hannuna ma ya ƙi rubutawa, shi ya sa na saka haka.

"Duk gonakin da nake da su, ga dawa ga waken suya, masara kawai kika gani?"

Muka yi dariya, amma ni tunanina ya koma kan lambobin. A cikin lambobin nan akwai ta malamar asibiti mai awo. Akwai na matan unguwa da suka ba ni lambarsu ni, ba su ba mijina ba, wasunsu mazajensu ba za su ji daɗi ba idan suka san tana wayar wani namiji. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba na raba abinsu, saboda wake na ƙonewa.

Washegari da safe na ce ba za shi gona ba sai mun gyara. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na ɗauko kwamfutar da tsohon ƙamus ɗina na makaranta wanda bangonsa ya fita. Shi ya zauna riƙe da wayarsa. A wannan karon ban danna komai ba sai na karanta, kalmar da ta fi ƙarfina in duba. A hankali na gane abin da ya faru. Lokacin da na buga imel ɗinsa, na amince kenan a haɗa kwamfutar da asusunsa, duk abin da ke kalanda da lambobi a kwafe a kai can, daga can kuma ya sauka a duk wayar da ke ɗauke da imel ɗin. An tambaye ni, a rubuce, ni ce na ce to ban karanta ba.

Na fara kwafe ranakun awon a takarda, na soke ta cikin katin. Sannan na goge su daga kalandar da ke haɗe, na ce ya duba. Ya ce suna nan. Muka jira, ya kashe data ya kunna, sai ya ce, "Sun tafi." Haka muka bi lambobin, ina gogewa yana dubawa. Da muka zo kan Mai Masara ya ce a bar mashi wannan, na ce a'a.

Daga nan na shiga wurin saiti, na samu sashen da ya shafi sirri. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Jerin manhajoji ne, kowace da ɗan makunni a gabanta, kuma kusan duk a kunne suke: an ba su izinin ganin kalanda, an ba su izinin ganin lambobi. Har da wata ta hasashen yanayi, har da wasan da yara ke yi na jera duwatsu.

Malam ya ce, "Mai faɗin ruwan sama me zai yi da lambar mai kitsonki?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kashe. Na kuma gano tunatarwa tana fitowa a fuskar kwamfuta tun kafin a saka lambar sirri, duk wanda ya ɗaga murfin zai karanta, ita ma na hana ta. A ƙarshe na buɗe wa kaina ɓangare daban a cikin kwamfutar wanda ba a haɗa shi da imel ɗin kowa ba, aikin ƙungiya a nasa ɓangaren, nawa a nawa. Da zan saka lambar sirri, Malam da kansa ya juya baya yana kallon bishiyar mangwaro har na gama. Mun kai wajen sha ɗaya. Ya yi wanka ya tafi masallaci, ya biya ya gaida Hajiya, ya kai mata goro, bai kai mata labari ba.

Abin da ya rage shi ne mai amanar. Na kwana huɗu ina shawara da zuciyata. Wani ɓangaren ya ce an riga an gyara, me zai sa in tayar mata da hankali ga ta da juna biyu. Amma na ga idan na ɓoye mata, na yanke hukunci a kan abinta ba da saninta ba, irin dai abin da na'urar ta yi mani.

Ranar Talata na shiga mota zuwa Malumfashi. Masara ta fara kai idon sawu a gonakin bakin hanya, ko'ina kore. Muka haɗu a asibiti, muka zauna a ƙarshen benci nesa da sauran mata. Na gaya mata komai da ƙaramar murya. Ina magana ina ganin hannunta ya koma kan cikinta ya tsaya.

"Ya san ni ce?"

"Ban faɗa ba, bai tambaya ba. Amma ba zan ce maki bai gane ba."

"Ya gaya wa wani?"

"Ko Hajiya."

Ta sunkuyar da kai. Na ce ta yafe mani, in ta ga dama ta karɓi katinta. Daga nan na shiga ba ta labarin kankana da hanta, da yadda ya ruga da takalmi ɗaya ya ƙwace bokiti. Sai na ga kafaɗarta na motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ƙwace mata, har ta kifa kai a kafaɗata, matan benci na waiwayowa.

"Yaya, kenan hantata kika cinye?"

"Har da kankanarki."

"Allah ya isa ban yafe ba." Ta share ido da bakin hijabi. Can ta ce, "Ki bar katin a wurinki. Amma ki daina rubuta watannin, ni ina ƙirga abina."

Da aka kira ta na shiga tare da ita. Malamar asibitin ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki ta ɗora 'yar na'ura. Da farko shuuu kawai muke ji. Sai ga wani sauti ya fito, da sauri da sauri, kamar ana daka a wani gida mai nisa. A sauran ukun ba ta taɓa kaiwa ta ji wannan ba. Ta damƙe yatsuna har suka yi zafi, ni kuwa ba abin da nake iya faɗi sai hamdala.

Labarin bai fita ba sai ranar da ta ga dama. Da cikin ya shiga wata na bakwai, zani ya daina rufa mata asiri, ta shirya ta je ta durƙusa gaban Inna ta faɗa da bakinta, sannan ta gaya wa surukarta. Ta haihu da kaka, lokacin da manyan motoci ke layi a kasuwa ana loda buhuna. Mace ce, 'yar ƙarama, mai yawan gashi.

Mijinta ne ya kira ni da hantsi. Na fito tsakar gida da wayar a hannu, Malam na tsugune yana ɗaure bakin buhu. Na ce mashi autarmu ta sauka lafiya, an samu ɗiya. Ya saki igiyar ya miƙe, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya dube ni, fuskarsa ba ko alamar wasa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ciki gare ta?"

Na ce, "Ashe."